Ta sauka lafiya, amma ita ba lafiya ba: damuwa da fargabar bayan haihuwa

Akwai wani ciwo da ke kama mace a daidai lokacin da kowa ke mata barka, shi ya sa ma ya fi kowane ciwo wuyar faɗa. An sauka lafiya, yaro lafiya, babu jijjiga babu zubar jini, asibiti sun sallame ta, gida ya cika da murna, ita kuma in ta shiga banɗaki sai ta saki famfo don kar a ji kukanta. In ka ce mata me aka yi miki, wallahi ita ma ba ta sani ba. Kuma ba wai 'yan tsiraru ba ne fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga wata larura ta ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. Mace ɗaya cikin biyar kenan. Duk wanda ya san masu jego goma, to ya san mai wannan ciwon, sai dai in ba ta faɗa masa ba.

Inda ake fara samun matsala shi ne abubuwa daban-daban ake tattarawa a ce "ai jego ne, zai wuce". Wani kam zai wuce ɗin da kansa, wani sai an yi magani, wani kuma in aka kwana ba a je asibiti ba ana iya rasa rai. Abin da ya fi raba su shi ne lokaci: yaushe ya fara, kwana nawa ya yi, sauka yake yi ko hawa.

Mai sauƙin cikinsu kusan kowace mace tana ɗanɗanawa. Lokacin ciki mabiyiya ce ke ta samar da sinadaran hormon, istirojin da furojestiron, har su ninka yadda suke a da nesa ba kusa ba. Mabiyiya na faɗowa, cikin 'yan kwanaki sai su rufto ƙasa gaba ɗaya. Haɗa wannan da ciwon jiki, ga ɗinki, ga nono ya ciko yana zafi, ga barci babu. Shi ya sa wajen kwana na 3 zuwa na 5 za ka ga mai jego tana kuka ba dalili, yanzu dariya anjima hawaye, magana kaɗan ta ɓata mata rai. Wasu ƙididdigar sun kai shi har kashi 80 cikin 100. Wannan ba ya buƙatar magani, hutu yake so da lallashi, kuma cikin sati biyu yake kama gabansa. Alamarsa ita ce a tsakani tana samun sa'ida, in ta yi barci mai kyau ta tashi sai ka ga ta ɗan dawo daidai.

To in sati biyu ya wuce abin bai ɗaga ba, ko kuma kullum ƙara nauyi yake, an fita daga wancan an shiga ciwon damuwa na gaske. Mutane sun ɗauka kuka ne kawai alamarsa, alhali wata ko hawaye ɗaya ba ta yi. Za a miƙo mata jaririn a ce kalli yadda yake kallonki, ta yi murmushi don kar a ce wani abu, amma a ranta ji take kamar ɗan wata aka ba ta riƙo. Tana masa wanka, tana canza famfas, tana ba shi nono a kan lokaci, komai tana yi, sai dai ba ta jin komai, sannan ta koma tana tsinewa kanta wai wace irin uwa ce ni. Wata kuma da fushi yake fito mata, ƙarar cokali ma haushi take ba ta, ta daka wa babban yaronta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta zauna tana cizon yatsa. Abinci ya fita ranta ko kuma ta yi ta ci ba ƙoshi, abin da take so a da duk ya gundure ta, ta ajiye abu yanzun nan ta manta, kiran waya ma gudunsa take. Kuma ba dole ne ya fara satin farko ba. Da yawa tun da cikin ya fara ba a lura ba, wasu sai wata uku ko shida, likitoci suna lissafa shi har tsawon shekarar farko.

Ni a ganina tambayar da ta fi tona gaskiya ba "kina kuka?" ba ce. Tambayar ita ce, in an karɓi yaron an ce je ki kwanta, barcin yana zuwa? Mace mai gajiya zalla kanta na taɓa filo ta tafi. Wadda ciwon ya kama za ta kwanta a gajiye liƙis amma ido biyu, kai na ta aiki.

Sai a ce to ai kowace mace hormon ɗinta na faɗuwa, me ya sa wata ta kamu wata ba ta kamu ba. A shekarar 2000 wasu masu bincike a Amurka sun gwada wannan kai tsaye. Sun ɗauko mata 16 da ba su da ciki a lokacin, 8 sun taɓa yin damuwar bayan haihuwa, 8 ba su taɓa ba, suka ɗaga musu waɗannan hormon da magani na wasu makonni sannan suka janye, wato an kwaikwayi abin da haihuwa ke yi. Biyar daga cikin 8 na farkon alamun ciwon suka dawo musu, ɗaya rukunin ko mutum ɗaya. Faɗuwar iri ɗaya ce, ƙwaƙwalwar da ta karɓe ta ce daban. A kan wannan halittar sai rayuwa ta ɗora nata: wadda ta taɓa ciwon damuwa ko akwai shi a danginsu, wadda ta sha baƙar naƙuda ko aka yi mata aikin gaggawa, jaririn da ya zo bakwaini ko aka kwantar da shi, cikin da ba a shirya masa ba, rashin kuɗi, rashin mai taimako, miji mai duka ko wulaƙanci. Amma akwai wadda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, mijinta na ji da ita, komai akwai, kuma ya kama ta. Irin wannan ta fi shan wuya wajen mutane ma, don ita ake cewa "me kika rasa? ki gode Allah, wasu neman haihuwar suke ido rufe". Ai ta sani. Sanin ne ma ke ƙara mata nauyi. Mutum na iya zama mai godiya kuma ga shi ba lafiya, babu wanda ke cewa mai hawan jini butulu ne.

Yanzu bari mu zo kan fargaba, don ita ce ba a cika magana a kanta ba, kuma sau tari tare suke tafiya da damuwar, wani lokacin ma ita kaɗai take zuwa. Ƙarfe uku na dare, yaro na barcinsa lafiya lau, uwa ta tashi ta kunna fitilar waya ta kara yatsa a hancinsa ta ji ko yana numfashi. Ta ji. Ta koma ta kwanta, minti goma ba a yi ba zuciya ta ce anya kin ji da kyau kuwa, ta sake tashi. Daga nan ta shiga intanet tana binciken kalar kashinsa, kafin asuba ta gama yanke cewa wata muguwar cuta ce. Ba ta yarda kowa ya ɗauke shi, ko babansa. Wata sai ƙirji ya hau bugawa, numfashi ya sarƙe, hannu na rawa, gumi, ta tabbata mutuwa ce ta zo, a ruga asibiti a auna komai a ce lafiyarta ƙalau. Ba ƙarya take ba, firgici ne da ke tasowa farat ɗaya, yana kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna sannan ya lafa, kuma shi kansa ba ya kisa duk da yadda yake ji a jiki. Ƙwaƙwalwar sabuwar uwa dama an saita ta ta riƙa hango haɗari don ta kare ɗanta, abin da ya faru shi ne saitin ya zarce, kamar ƙararrawar motar da ta lalace, ko kaza ce ta gifta sai ta hau ihu.

Akwai kuma wanda ko mijinta ba ta iya faɗa wa. Tana saukowa daga bene da yaron a hannu sai wani hoto ya faɗo mata a kai, ga shi ya suɓuce. Tana yanka wani abu a kicin sai tunani ya gifta, in da wuƙar nan ta taɓa shi fa. Tana masa wanka ta ga kamar ya nutse. Jikinta ya yi sanyi, ta ajiye wuƙar, wata ma ta ɓoye wuƙaƙen gidan gaba ɗaya, ta daina masa wanka ita kaɗai, kuma ta kulle bakinta don tana ganin in ta faɗa za a ce ta haukace a raba ta da ɗanta. 'Yar uwa, in ke ce wannan, ki saurara da kyau. Binciken da aka yi kan sabbin iyaye ya nuna kusan dukkansu tunanin wani haɗari zai sami jariri yana faɗo musu, kuma kusan rabi har hoton su da kansu suna cutar da shi yana gifta musu ba tare da suna so ba. Ba a ga cewa masu irin wannan tunanin sun fi sauran cutar da 'ya'yansu ba. Yadda yake tayar miki da hankali, yadda kike ƙyamarsa, shi ne shaidar cewa ba nufinki ba ne. Abin haushin shi ne duk yadda kika dage ki kore shi haka yake ƙara dawowa, gujewa wanka da ɓoye wuƙa kuma ƙara masa ƙarfi suke. Likitan da ya san aikinsa ya ji irin wannan ba adadi, ba zai zaro ido ba, kuma akwai maganinsa.

Wanda ake ruga asibiti a kansa daban ne, kuma ya kamata kowa a gida ya san kamanninsa. Rikicewar hankali ta bayan haihuwa tana kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a sati biyun farko, kuma da sauri take zuwa. Mace ta kwana biyu uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, surutu ba kai ba gindi, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, tana cewa an canza mata jariri ko ana shirin kashe ta, yanzu ta dawo daidai anjima ta sake birkicewa. Bambancinta da wancan tunanin na sama shi ne ita wannan ta yarda da abin da take gani, ba ta ganin akwai matsala. Haɗarin ya fi yawa ga mai larurar nan da ke kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa, baifola, ko wadda ta taɓa yi a haihuwar baya. A nan babu jira babu mu ga gobe, kar a bar ta ita kaɗai da yaron, a kai ta asibiti a ranar, duk wata gardamar ko iska ce ko jifa a yi ta bayan likita ya gan ta. Ana warkewa sarai. Haka ma duk mai jegon da ta fara cewa gara ba na raye, ko yaran nan sun fi samun sauƙi in babu ni, ba a cewa ta daina faɗin haka a wuce wurin. A Birtaniya, inda suke bin diddigin mutuwar kowace mai haihuwa, kisan kai na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata tsakanin sati 6 da shekara ɗaya bayan haihuwa. A tambaye ta kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

To in an je asibiti me ake yi? Ba sai kin fara da likitan ƙwaƙwalwa ba, ungozoma, nas ɗin da ke wa yaro rigakafi, likitan da ya karɓi haihuwar, duk ƙofa ce. Akwai wata takarda mai tambaya 10 da John Cox da abokan aikinsa suka fitar a 1987, ana kiranta ma'aunin Edinbura, an fassara ta zuwa harsuna da yawa. Tana tambayar yadda kika ji a kwana 7 da suka wuce, maki daga 0 zuwa 30, yawanci in ya kai 13 sai a zurfafa bincike, wasu wuraren tun daga 10. Ba ita ke yanke hukunci ba, hanya take buɗewa, kuma amfaninta ya dogara ne da ki faɗi gaskiya. Mata da yawa sun iya "lafiya lau" ko da suna cin wuta. In kin san bakinki zai yi nauyi, rubuta a waya tun daga gida ki miƙa: yau sati kaza ba na barci ko yaro ya yi, ba na jin daɗin komai, ina tunani mai ban tsoro. Sannan ki roƙa a duba jininki. Ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da bugun zuciya, haka ma tayirod, wannan abin na wuya da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo, yana rikicewa ga kusan mace 1 cikin 20 a shekarar farko, ya fara da rawar jiki da fargaba daga baya ya koma sanyin jiki da damuwa. In shi ne, maganinsa daban.

Magani kuma ba lallai ƙwaya ba. In ciwon bai yi tsanani ba, zama da wanda aka horar yana aiki sosai, irin zaman da ake koya miki ki kama tunanin da ke cewa "ni ba uwar kirki ba ce" ki tambaye shi hujja, a kuma mayar da ke kan ƙananan abubuwan da kika watsar ɗaya bayan ɗaya. Kar a ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. A ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan, Atif Rahman da tawagarsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida, ba likitoci ba, suka riƙa yin wannan zaman da mata masu damuwa tun da ciki. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 ne suka rage da ciwon, a ɗaya ɓangaren da ba a yi musu ba kashi 53. Daga nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin horarwa a 2015.

In ya yi nauyi, ko zaman bai wadatar ba, sai a haɗa da ƙwaya, kuma a nan ne tsoro biyu ke tasowa, kar ƙwayar ta shiga nono da kar a saba da ita. Satralin, wanda aka fi sani da Zoloft, na cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa mai shayarwa saboda abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, don haka ba dole a cire yaro ba. Ba ya bugarwa kuma ba irin ƙwayar da ake kamuwa da shanta ba ce, sai dai ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, wata ma fargabar ta ɗan ƙaru kafin ta sauka, kuma aikinsa sai sati 2 zuwa 6 yake bayyana, a nan ne da yawa ke cewa ba ya yi su watsar. In akwai tarihin baifola a ke ko a dangi ki faɗa kafin a rubuta, don yana canza irin maganin da za a ba ki. A watan Agusta 2023 Amurka ta amince da ƙwaya ta farko da aka yi musamman don wannan ciwon, Zurzuvae, kwana 14 kawai ake sha kuma tana aiki cikin 'yan kwanaki, amma tana da tsada kuma ba ta kai yawancin ƙasashe ba, na kawo ta ne don a ga yadda masana suka ɗauki abin da gaske. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a je kemis a sayo maganin barci a ɗirka wa mai shayarwa ba da sanin likita ba.

A gida kuwa, in za a yi abu ɗaya tak, a yi barci. Ba barcin minti arba'in arba'in ba, awa 4 zuwa 5 a jere ba a tashe ta ba, ko da sau ɗaya ne a dare. Wannan ba zai yiwu ba sai wani ya karɓi tashi ɗaya, ta tatsa ta ajiye, ko a kawo mata yaron ya sha a kwance a ɗauke shi, gyatsa da canjin famfas da jijjigawa duk na wani ne. In shayarwar ce kanta ke neman kayar da ita, a zauna da ma'aikaciyar lafiya a nemi mafita ba tare da an ɗora mata laifi ba. Fita waje ko na minti goma ne a ga rana a taka ƙafa yana taimakawa, haka rage leƙen hotunan matan da suka haihu jiya yau sun sha kwalliya a Instagram, ba ki san me ya faru kafin a ɗauki hoton ba. In kuma kukan yaron ya ishe ki har kin ji hannunki na rawa, kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, ki fita ɗakin ki yi numfashi, ki kira wani. Kukan minti biyar ba zai masa komai ba, girgiza jariri da ƙarfi kuwa yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa.

Maigida, kai ma da kai ake. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" ba taimako ba ne ga wadda ko zaɓen kayan da za ta sa ya gagare ta. Duba ka gani ka yi. Karɓi yaron ka ce ta kwanta, sallami baƙin da suka zauna ba su da niyyar tashi, kai ka nemi ranar ganin likita ka kuma raka ta, don wani abin kai za ka tuna ita ba za ta tuna ba. In ta buɗe baki ta faɗa maka abin da ke ranta, kar ka fara da wa'azi ko lissafin abin da ka kashe, ka ce na ji, ba laifinki ba ne, za mu nemi magani. In ta yi maka fushi ko ta juya maka baya a shimfiɗa, ciwon ne, ba wai ta daina sonka ba. Kuma ka duba kanka, kusan uba 1 cikin 10 shi ma yana shiga damuwa a wannan tsakanin, ya fi yawa in matar ma na fama da ita, sai dai ga maza ya fi fitowa da faɗa da kwana a wajen aiki.

Sauƙin ba a miƙe yake zuwa ba, za a yi kwana uku masu kyau a yi ɗaya mara kyau, wannan ɗayan ba yana nufin an koma baya ba. Shaƙuwa da yaron ma tana zuwa daga baya ga mata da yawa, ba a makara. In kina kan magani kika ji kin warware, kar ki ajiye, ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi don kar ya dawo. Wadda kuma ta taɓa yi, haɗarin ya sake zuwa a haihuwa ta gaba ya fi na sauran mata, don haka ranar farko da kika je awo ki faɗa musu, a tsara tun da wuri wa zai karɓi dare, wa zai sa miki ido a satuttukan farko, da kuma ko za a fara zaman ko maganin tun kafin ki sauka.